Gaisuwar da Baba Ke Yi wa Mota

A motar Baba akwai maɓalli goma sha ɗaya, na ƙirga su, kuma babu ko ɗaya da aka yarda wani ya taɓa. Rediyon lafiyarta ƙalau, amma ba ta taɓa yin ko tari a gabansa ba. Gilasan ƙofofin irin na dannawa ne, sai dai tun ranar da aka kawo motar Baba ya sauke nasa zuwa rabi ya bar shi a nan, sauran ukun kuma a rufe ruf. In zai sha kwana, hannu yake zurowa ta rabin nan. In mutum ya tare hanya ba ya danna hon, sai ya bubbuga ƙofa da tafin hannu ya ce, "Bawan Allah, matsa mana." In ruwan sama ya same mu a hanya, akwai tsumma a ƙarƙashin kujera. Sai ya tsaya in fita in goge gilashin gaba, in dawo a jiƙe, mu ƙara gaba.

Shekara talatin Baba ya yi yana kula da tankin ruwa a wata masana'anta kafin ya yi ritaya, shi ya sa komai na duniya tanki ne a wurinsa.

"Batir tanki ne," in ji shi. "Duk abin da ka danna, famfo ka buɗe. In ka buɗe famfo me ke faruwa?"

"Ruwa ya ragu," mu ce, ni da Mama.

"To, kun gani."

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, duk da wannan tattali, batirin mutuwa yake yi. Na uku ke nan cikin wata goma sha huɗu. Maƙwabcinmu mai wanki ya tura motar nan har ya san inda fentinta ya fi santsi. Da ya ji ta yi "kyar-kyar" ta yi shiru, sai ya ajiye dutsen guga ya fito yana naɗe hannun riga, ba sai an kira shi ba.

Ni kuwa a gida Mazari ake ce mini, don ba na zama wuri ɗaya. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, ba korata aka yi ba, ni da benci ne ba ma jituwa. Na yi wata huɗu a wurin tela, na yi biyu a wurin mai gyaran waya, na yi rabon burodi a kan babur har ranar da na tsaya kallon ƙwallo burodin ya kwana a hannuna. Daga nan na faɗa garejin wani mai gyaran wutar mota, wanda kowa ke kira Oga. Ga mamakin kowa, har da ni, wata bakwai ya wuce ban gudu ba. A aikin waya ba a zama. Yanzu kana ƙarƙashin sitiyari ƙafafu a sama, an jima kana bin jar waya daga gaba har but, kuma kowace mota da irin ƙaryar da take yi maka.

Ranar wata Asabar ina wanke motar Baba a tsakar gida, shi kuma ya shiga wanka. Na ce bari in ɗan ji kiɗa na minti goma. Ban ji fitowarsa ba, sai ganin inuwarsa na yi a jikin gilashi, da tawul a wuya. Hannu kawai ya miƙo, na zare makullin na ba shi.

Washegari da safe motar ta yi "kyar" sau ɗaya ta mutu.

Baba ya kira ni falo. Ya zauna a kujerarsa mai hannu, Mama na gefe tana tsince shinkafa a faranti.

"Ashe kai ne ɓarawon da ke huda mini tanki," ya ce. "Dama na daɗe ina cewa kujerar direba matsawa take yi gaba, in gyara, gobe in tarar ta sake matsawa."

"Baba, wallahi jiya ne kawai, kuma ko kujerar ban zauna ba."

"Wata bakwai a gareji, abin da ka koyo ke nan, kashe batirin ubanka. Na yi magana da Kawunka. Ƙarshen watan nan za ka koma shagonsa."

Kawu katifa yake sayarwa. Shago ne dogo mai duhu, mai warin leda, inda mutum zai wuni a kan kujerar roba tsakanin katifu hamsin, kuma an hana shi kwanciya a kan ko ɗaya. Wani lokaci har la'asar ba wanda ya leƙo.

"Baba, mutuwa zan yi a shagon nan."

"Ba wanda zama ya taɓa kashewa. Zaman ne ma maganinka."

Na dubi Mama ko za ta sa baki. Ta ƙara sunkuyar da kai a kan faranti, tana tsince tsakuwar da ni dai ban gani ba.

Ranar Litinin na je gareji jiki a sanyaye. Har na haɗa wa wata mota fitila a juye, sigina ta dama ta koma hagu. Oga ya leƙo ta saman tabarau.

"Mazari, yau hankalinka a gida ka baro shi, ko a hanya ya faɗi?"

Na kwashe labari na ba shi. Ya saurara yana fere waya da haƙori, abin da kullum yake hana mu yi.

"Rediyon minti goma ba ta kashe lafiyayyen batir," ya ce. "Sai dai ta ƙarasa wanda dama yake gargara. Ina tsohon yake zuwa da motar?"

"Kasuwa, ranar Alhamis. Tafiyar minti biyar ce."

"Sauran kwanakin fa?"

"Tana ƙarƙashin tamfol. Amma kullum yana gaishe ta."

Oga ya cire wayar daga baki. "Yana me?"

Sai na yi masa bayani. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, Baba zai yaye tamfol, ya shiga, ya murza makulli. In ta tashi sai ya karkata kai ya saurari injin kamar mai jin gaisuwar suruki, ya ce, "Madalla, an tashi lafiya." Sai ya kashe, don kada mai ya ƙone a banza. Sai ya sake tayarwa don ya tabbatar ta farkon ba sa'a ba ce, ya kashe. Wani lokaci har sau uku. Da yamma ma ya sake leƙa ta.

Ina cikin faɗa sai wani abu ya faɗo mini a rai. Tun wata na biyu Oga ya nuna mini cewa ba abin da ke zuƙar batir a mota kamar kik, injin nan da ke juya babban inji lokacin tayarwa. Kuma abin da kik ya zuƙa ba ya dawowa sai inji ya daɗe yana aiki, altaneta tana mayar da caji.

"Oga," na ce, "ashe gaisuwar ce."

Oga ya yi dariya har sai da ya dafa bonet. "Sau biyar a rana yana ɗiba da bokiti, bai taɓa barin a zuba ba. Kai kuma kana gidan, kana kallo, wata bakwai."

Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko mitar awon batir, mai wayoyi ja da baƙi, wadda ba ya bari ko inuwarmu ta taɓa.

"Gobe na ba ka hutu. In ka fasa mini ita, kai da katifu har abada."

Ranar Talata da safe na tare Baba a bakin mota, tamfol a hannunsa.

"Baba, a masana'anta, tankinku da me ake cika shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da injin turo ruwa mana."

"In injin yana aiki, aka buɗe famfo uku, tanki zai ƙafe?"

"Ina fa. Injinmu ya fi ƙarfin famfo goma."

"To motar nan ma tana da nata injin turowar. Ga shi nan." Na ɗaga bonet na nuna masa altaneta da bel ɗinta. "In mota tana tafiya, shi ke ba rediyo da fanka da fitila wuta, har ya cika batir. Amma duk murza makulli ɗaya, kamar ka buɗe babban bututu ne gaba ɗaya. Kai kuma kana buɗewa sau biyar a rana, kana kashe injin kafin ya turo ko kofi ɗaya."

Baba ya dube ni, ya dubi altaneta, kamar mun haɗa baki.

"Wato ni nake kashe batirina."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Haka ka ce. Ɗan aji biyu."

Na maƙala wayoyin mita a kan batir. Ta nuna sha ɗaya da ɗigo bakwai. Na ce ya riƙe lambar a ka, lafiyayye sha biyu da rabi yake nunawa ko fiye.

"Ka ba ni yau kawai," na ce. "Mu yi tafiyar awa biyu, komai a kunne, rediyo da fanka da fitilu. Mu dawo mu ajiye ta, kada kowa ya gaishe ta. In gobe da safe ba ta tashi bugu ɗaya ba, ba sai ƙarshen wata ba, da ƙafata zan tafi shagon Kawu."

Ina jin maganar shagon ce ta ja shi, don ya san ba na ambatarsa da wasa.

"Bugu ɗaya," ya ce.

"Bugu ɗaya."

Mai wanki ya zo ya tura mu har bakin titi. Da ta tashi na sa Baba ya fito ya ga mita, ta haura sha huɗu. Na kunna fitilu da fanka, lambar ta ɗan girgiza ta koma inda take. Baba ya ce mita ma ai mutum ne ya ƙera ta.

Shi ya ja motar, ina gefensa, Mama a baya da mayafinta na fita unguwa. Muka bar cunkoso muka hau babban titi, muka wuce gidajen mai da wurin masu sayar da tukwanen fulawa, har gidaje suka fara ƙaranci. Duk maɓallin da na danna sai Baba ya runtse ido ɗaya kamar ana cire masa ƙaya. Na sauke gilasai huɗun, na baya na hagu ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa kafin ya yarda. Iska ta shigo ta kwashe wata takarda da ta shekara a kan dashbod. Na kamo tashar labarai, don ita ce Baba zai iya jurewa.

"Ashe haka garin yake da iska," in ji Mama daga baya. "Shekara biyu ina shiga motar nan kamar an sa ni a tukunya an rufe."

"Ki ji daɗinki yau," Baba ya ce. "Gobe ɗanki zai fara sayar da katifa."

Amma a hanyar dawowa, da wani mai kura ya tare mu, na ga babban yatsansa ya je kan hon ya tsaya. Ya ɗan danna. Ƙarar ta ba shi tsoro shi kansa, mai kura ya yi tsalle gefe, Mama ta yi ta dariya har da share hawaye.

Da muka dawo na bari injin ya huce na auna, sha biyu da ɗigo shida. Muka ja tamfol. Sai rigimar makulli ta tashi. Baba ya ce in yana hannuna zan saci jiki in yi wata dabara, ni na ce in yana hannunsa ba zai iya haƙura da gaisuwar yamma ba.

"A ba uwarka," ya ce. "Ita ba ruwanta da mota."

Mama ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Bayan abincin rana Baba ya shiga barcinsa na kullum, wanda ko kaza ba a yarda ta yi kuka a lokacinsa ba. Na fita da niyyar mayar wa Oga mitarsa. Na kai har bakin gareji, sai ƙafata ta ƙi shiga. Na ce bari in koma in ƙara aunawa sau ɗaya, hankalina ya kwanta.

Ina shiga tsakar gida na ji kiɗa siriri, kamar daga cikin rijiya. Na duba ɗaki, na duba kicin. Daga ƙarƙashin tamfol yake fitowa. Na ɗaga gefensa a hankali.

Mama ce zaune a kujerar direba, ta matso da ita gaba yadda ƙafarta za ta huta, ta kunna fanka, ga ƙwaryar wake a cinya tana tsincewa, rediyo na karanto gaishe-gaishen masu saurare.

"Mama."

Ta zabura har wake ya zube. "Kai Mazari, za ka kashe ni. Sauke tamfol ɗin nan kada ya farka."

Na zagaya na shiga ta ɗaya ƙofar, na murza makullin baya. Muka zauna cikin duhun tamfol kamar ɓarayi biyu.

"Tun yaushe?"

"Yau? Ko rabin awa ban yi ba."

"A'a, tun yaushe kike yi?"

Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "Tun da ya ce rediyon ɗaki na hana shi barci. Shekara ta wuce dai. A ƙusar bayan ƙofa yake rataye makullin. Amma ni ban taɓa tayar da ita ba, ko ɗigon mai ban taɓa ƙona masa ba. Rabi kawai nake murzawa."

"Mama, rabin nan shi ne matsalar. In inji a kashe yake, duk abin da kika kunna daga batir yake sha kai tsaye, ba mai mayarwa. Rediyo kaɗai da sauƙi, amma fankar nan ci gare ta."

"Ai zafi ake yi a ciki." Ta dube ni. "To ba ka ce da bakinka kunna abubuwa ba ya cin batir ba? Ina baya ina jin ka."

"In mota tana tafiya na ce."

"Ka ga, wannan ƙarshen ne iska ta tafi da shi."

Na so in yi fushi, dariya ta hana ni. Sai kuma na tuna katifu, dariyar ta tsaya. Na fita na auna, sha biyu da ɗigo huɗu. Ya kamata ya isa, amma batirin da ya sha wuya irin wannan ba a rantsuwa a kansa. Mama ta miƙo mini makulli ta taga.

"Tayar da ita kaɗan ta cika. In ya farka in ce ni ce."

Na riƙe makullin, har na ji ɗuminsa a tafin hannuna. Amma ni na ce kada kowa ya taɓa ta, kuma in na ci da maguɗi Baba zai koma gaisuwarsa, batir na huɗu ya bi sahu. Na mayar mata. Na ciro wayata da abin sawa a kunne, na kamo mata tashar, na nuna mata inda ake ƙara murya.

"Ranar da Baba ya kira ni falo," na ce, "kina ji ana ɗora mini laifin kujera, kika yi ta tsince shinkafa."

"Ai shinkafar da tsakuwa," in ji ta.

Da safe ko shayi ba a sha ba muka fito. Mai wanki ya riga mu, yana tsaye a bakin ƙofa hannun riga a naɗe.

"Na ce bari in zo da wuri, ina da guga da yawa yau."

"Koma abinka, yau ba turi," na ce, amma muryata ba ta fito yadda na so ba.

Mama ta kwance bakin zane ta ba Baba makulli. Ya yaye tamfol, ya buɗe ƙofa, ya zauna, sai gwiwoyinsa suka daki ƙasan sitiyari. Mun manta da kujera. Ya dubi gwiwoyinsa, ya sa hannu ya tsinto ƙwayar wake biyu daga gefen giya, ya ɗaga su sama yana juyawa. Ni dai na ƙura wa taya ido.

Ya mayar da kujera baya, ya yi bisimilla, ya murza.

Ta yi "kyar", sai kuma ta kama da ƙarfi har tamfol ɗin da ke ƙasa ya motsa. Mai wanki ya tsaya da hannuwa a sama, bai san inda zai kai su ba.

Hannun Baba ya tafi kan makulli zai kashe, yadda ya saba. Ya tsaya, ya janye hannun ya ɗora a cinya. Can ya miƙa yatsa ɗaya ya danna rediyo. Maimakon tashar labaran da na bari jiya, sai ga muryar mai gaishe-gaishe, a hankali ƙasa-ƙasa, daidai yadda ba za ta ta da mai barci ba.

Ya juyo ya dubi Mama ta rabin gilashi.

"Ita ba ruwanta da mota," ya ce.

"Kai kana ɗiba da bokiti, ni da ɗan kofi," in ji Mama. "Kada ka dube ni, yaron ya yi mini bayani."

Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya danna gilashinsa ya sauka har ƙasa, ya mayar da shi sama, ya sake saukewa.

"Mazari, wannan da nake yi, yana ci?"

"Inji na aiki, Baba. Yi ta yi."

"To shiga in kai ka wurin aiki, kada Oganka ya ce mun riƙe masa mita. Kawunka ya nemi wani mai son zama."

"Garejin ai tafiyar minti biyar ce, ba za ta cika ba."

"Wa ya ce maka ta gajeriyar hanya za mu bi?" Ya leƙa waje. "Ke kuma ɗauko mayafinki ki dawo gaba, tunda ke kika san tashoshin."

Mai wanki ya sauke hannun rigarsa, ya ce tunda ba turi, ko za a rage masa hanya zuwa wurin mai gawayi. Baba ya ce ya shiga baya, amma ya bar maɓallin gilashin hagu, wannan sai an sa masa mai tukuna.